Ƙafar Ya Bukar da Kifin Annabi Yunusa

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma ina ganin yadda kuke gaishe ni idan na zo gida, ido a ƙasa, gaisuwar a gajarce, kuma na san ba kunya ce kaɗai ba. An gaya muku cewa Sale ya ɗauki ƙafar yayansa ya kai wa Turawa, ya ƙara mata ƙarya, su kuma suka ɗauki nauyin karatunsa. Ku 'ya'yan Ya Bukar da kuke ce mini Baffa kun ji ta wata fuska, ku 'ya'yan Ya Falmata da kuke ce mini Kawu kun ji ta wata. Ni ban iya magana ba. Har yau da furfura ta fara fito mini ina nan kamar ɗalibi, kuma idan aka ce in miƙe in yi bayani a gaban mutane sai bakina ya bushe. Shi ya sa na zauna na rubuta. Cikin mazan da abin ya shafa, ban da ni, mutum ɗaya ne ya rage da rai, shi kuma ya ce in rubuta kada in rage komai.

Kun san ƙauyenmu, amma ba ku san shi yadda yake kafin a ɗaga hanya ba. Idan damina ta yi nisa kogin Haɗeja ya cika ya malala, sai mu zama tsibiri. Kachala ta riga ta cinye yawancin ruwan, ba abin da ya rage sai 'yan siraran hanyoyi da masunta suka sare a tsakiyarta, ciyawar ta fi mutum tsawo dama da hagu. A cikin waɗannan hanyoyi ake su, a cikinsu kuma jirage suke wucewa. Gidanmu masu gora ne. Mai gora yakan kifa cikinsa a kan babbar gora, ya riƙe homa, wato ragar kamun kifi, yana tuƙi da ƙafafu, kifin da ya kama ya jefa ta bakin gorar. Daga nesa ba abin da ake gani sai kai da ɗan doron baya. Baba ya yi wannan sana'a har ƙarfinsa ya ƙare, Ya Bukar ya gaje shi. Ni da aka gwada ni gorar ta juye da ni, na sha ruwa har na ƙoshi. Ya Bukar ya tsamo ni yana dariya, ya ce wa Baba a bar wannan ya je ya hau littafi, shi ba zai kifar da shi ba. Shi ne ya raɗa mini Malam Shiru. Abu ɗaya Baba yake alfahari da shi a kaina, wato ban iya ƙara gishiri a magana ba. Idan masunta suka yi gardama kan wanda ya riga wani isa wuri, ko kan abin da aka faɗa a wani zama, in dai ina wurin, sai Baba ya ce a kira Sale, yadda ya faɗa haka aka yi.

Ina shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina karatun lantarki, aka kira ni aka ce in zo gida. Idi, mijin Ya Falmata, ya sayi jirgi mai inji a wannan shekarar, yana kwaso shinkafa daga fadama zuwa gaɓar da motocin Haɗeja suke tsayawa. Da safe ya shigo ɗaya daga cikin hanyoyin nan da lodi, Ya Bukar yana kan gorarsa a ciki. Farfelar injin ta kama ƙafarsa ta hagu. A asibiti aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da na shiga ɗakin da yake kwance na ga zanen da aka rufe shi da shi ya tashi a gefe ɗaya ya kwanta a ɗaya gefen, sai na tsaya a bakin ƙofa na kasa ƙarasawa.

Ya ce, "Shigo mana, Malam Shiru. Ragowar tana nan, ba su kwashe duka ba."

Da aka sallame shi aka yi zama a zauren Sarkin Ruwa, dattijon da ke yanke duk maganar da ta taso a kan ruwa. Liman yana nan, Baba yana nan, mahaifin Idi yana nan. Idi ya ce yana jin bugun ya kashe inji nan take ya faɗa ruwa. Aka tambayi Ya Bukar ko haka ne, ya ce haka ne. Aka tambaye shi ko ya yafe, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya rantse ba zai sake tayar da ita ba. Aka shafa fatiha. Ku lura da wannan, domin a kansa komai ya rataya. A wurinmu maganar ruwa idan Sarkin Ruwa ya rufe ta, ta rufu. Ba a ambatarta a kasuwa, ba a ambatarta a faɗa, ko uwa ba ta yi wa ɗanta tuni da ita. Wanda ya yafe sannan ya dawo ya tayar, ya karya rantsuwa, kuma zumuncin da aka rufe maganar dominsa ya warware. A nan zumuncin shi ne auren Ya Falmata, da 'ya'yanta ƙanana.

Na koma makaranta. Aikina na kammala karatu wata 'yar na'ura ce mai sauraron sauti a ƙarƙashin ruwa, na harhaɗa ta da tarkacen rediyo da robar taya. Wata rana malamin da ke duba aikin ya kira ni ofishinsa ya juyo mini da kwamfutarsa. Bidiyon wani jirgin ruwa ne, tsawonsa ya fi layin kasuwar Haɗeja, yana shigowa tasha a wata ƙasa. A hancinsa akwai wani abu baƙi a rataye, a naɗe kamar tsohuwar tabarma. Na ɗauka kaya ne. Sai da aka matso na ga ido.

Malamin ya ce, "Wel ke nan. Matuƙan ba su san sun ɗauko shi ba sai da suka iso."

Ban taɓa ganin teku ba a lokacin. Na san dai akwai halittar da ta haɗiye Annabi Yunusa, amma ban taɓa zaton akwai abin da ɗan Adam ya ƙera da zai buge ta bai ma ji a jikinsa ba. Malamin ya yi mini bayani. Wel ba kifi ba ne na sosai, numfashi yake yi kamar mu, yana shayar da ɗansa nono, don haka dole ya taso saman ruwa, wani lokaci ya kwanta a nan yana hutawa. Wasu irinsa sun kusa ƙarewa a duniya. Manyan jirage suna bi ta kansu. Wata ƙungiya a ƙasar waje ta tara tallafi don a ƙera na'urori da za a dasa a teku, su saurari kukan wel, su aika wa jirage saƙo su rage gudu. Cikin tallafin akwai gurbin horar da ɗalibai. Ya ce ya aika musu da sunana, za su kira ni ta waya mu ga juna. Na fito daga ofishin, idon nan bai bar ni ba.

Hutu ya zo kafin su kira, don haka a gida na faɗa. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, Inna tana gyaran kifin ƙarfasa, Ya Bukar yana ɗinkin homar da ba zai sake riƙewa ba.

Inna ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Tsaya, Sale. Kifi ne ake tara wa taimako kada jirgi ya buge shi?"

"E, Inna."

Baba ya ce, "Cinsa suke yi?"

"A'a, Baba."

"Mai suke tatsa a jikinsa?"

"Da can ne. Yanzu an hana."

"To me ake yi da shi idan an cece shi?"

"Barinsa ake yi."

Baba ya dube ni ya daɗe, kamar yana jiran sauran maganar. Inna ta dubi sandar Ya Bukar da ke jingine da bango ta kawar da kai. Ya Bukar ne ya fasa shirun.

Ya ce, "Inna, ke ma kin yi kuskure. Da a teku kika haife ni da yanzu ina da masu gadi."

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Ranar da za su kira, bayan azahar na tafi kan jingar da ke bayan gari, domin nan kaɗai waya take kamawa sosai. Ya Bukar ya biyo ni yana dogara sanda, wai yana so ya ga ko matan Turawa sun kai yadda ake faɗa. Da wayar ta yi ƙara na rasa inda zan jingine ta. Ya karɓe ta, ya zauna a gabana ya riƙe mini, shi yana bayanta ba a ganinsa. Wata mata mai farin gashi ta bayyana, da wani mutum a gefenta. Ta ce za su naɗi hirar, ko na yarda. Na ce na yarda, ban ma tsaya tunani ba. Suka tambaye ni na'urata, yadda na hana ruwa shiga, yadda nake raba ƙarar inji da ƙarar kifi. Nan ba ni da matsala, na amsa dalla-dalla. Sai matar ta cire tabarau ta ce tana da tambaya ɗaya. Mutumin da ya taso inda ba teku, me ya haɗa shi da wel?

Na buɗe baki ba abin da ya fito. Ina ganin fuskata a ɗan lungun wayar kamar ta wani.

Ya Bukar ya rage murya ya ce, "Me ta ce?"

Na faɗa masa ba tare da na motsa leɓe sosai ba.

"Shi ne ka yi shiru? Ce mata kana da wa, shi ma jirgi ya bi ta kansa."

Na ce, "Ya Bukar, an rufe."

"Turanci ne, wa zai ji? Faɗa mata."

Na faɗa. Ya ci gaba, ni kuma ina juyawa jimla bayan jimla, idona a kan matar. Ya ce in ce mata wanda yake kwance a saman ruwa yana jin injin tun daga nesa, amma ƙarar takan zo ta ko'ina, ba ya sanin ta ina zai kauce. In ce mata jirgi idan ya yi lodi yana gudu hancinsa yakan ɗaga, matuƙin yana can baya, ba ya ganin abin da ke gabansa. In ce mata ya yi ihu injin ya cinye muryarsa. In ce mata bugun ba shi ne abin da ya fi ciwo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ka ɗago kai ka ga bayan jirgin yana tafiya, yana ƙanƙancewa, har ya sha kwana a cikin kachala, kai kuma kana riƙe da fasasshiyar gora ruwa yana yin ja a kewayenka. In ce mata matuƙin ya ɗauka kututture ya buga, sai da ya yi nisa sannan ya dawo.

Kalmomin sun riga sun fita daga bakina da Turanci kafin su isa zuciyata. Sai da na ji kaina na ce jirgin bai tsaya ba, sannan na gane abin da na faɗa. Matar ta mayar da tabaraunta. Ta yi godiya, aka kashe.

Na ce, "Ya Bukar, bai tsaya ba?"

Ya miƙo mini wayar. "Ka ci jarrabawarka, Malam Shiru. Ba ni sandata."

"A zaure ka ce nan take ya faɗa ruwa."

"A zaure Falmata tana bayan katanga tana saurare. Ba ni sandata na ce."

Muka dawo gida. Daga ranar na daina iya kallon Idi idan ya zo gaishe da Baba.

An ɗauke ni. Inna ta yi guɗa ta raba ƙuli-ƙuli, Baba ya ce Allah ya sa alheri ne, aka fara shirin tafiyata. Abin da ni da Ya Bukar ba mu lissafa ba shi ne, mutanen nan sukan nuna wa duniya waɗanda suka ɗauka, don masu ba da tallafi su ga inda taimakonsu yake tafiya. Suka yanko wancan ɓangaren hirar, suka cire duk inda na yi shiru ina sauraro, ya zama kamar magana ce ɗaya da ta fito daga cikina. Fuskata ce kaɗai, muryata ce kaɗai. Wani malamin sakandare a Haɗeja da ya taɓa koyar da ni ya gani, daɗi ya kama shi cewa ɗan yankinmu ya fito, ya ɗora fassarar Hausa a kai da muryarsa, ya tura wa jama'a. Bai san komai game da zaman da aka yi ba. Kafin kasuwa ta zagayo babu wayar da ba ta ɗauke da ni daga nan har Kirikasamma.

Ina zaune a inuwar rumbu ina karatu na ga Ya Falmata ta shigo da goyo, da ƙullin kaya a ka, sauran yaran suna biye da ita. Surukinta ya ce ta je gida tukuna, tunda 'yan gidanmu sun gano ɗansa mai gudu ne ya bar mutum a ruwa. Ta sauke kayan a gaban Inna, ta juyo kaina. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Sale, me na yi maka?"

Na miƙe, littafin ya faɗi.

"Ni na goya ka. Duk garin nan ba wanda ya taɓa jin muryarka, sai ranar da za ka kashe mini aure ka iya magana? Da Turanci?"

Na dubi wajen da Ya Bukar yake zama, tabarmar tana nan, shi ba ya nan.

Sarkin Ruwa ya aiko cewa za a zauna washegari bayan la'asar. Da safe na sami Ya Bukar a bayan gida wajen bandar kifi, yana tura itace a wutar da ba ta bukatar itace. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarsa babu wasa a cikinta ba sai ranar. Ya tsufa a kwana ɗaya.

Na ce, "Me zan ce musu?"

Bai dube ni ba. "Ni na rantse, Sale. A gaban liman."

"Na sani."

"Idan aka ce daga bakina ta fito, gaskiya ce ke nan. Idan gaskiya ce, Falmata ba za ta koma ba. Baba kuma ba zai bar Idi ya sake taka ƙofar nan ba."

"To me zan ce?"

"Ban ce ka ce komai ba."

Ya ci gaba da tura itacen. Ya kira ni da sunana na yanka, wannan ma ban saba ji daga bakinsa ba.

Zauren ya cika har waje. Sarkin Ruwa ya sa aka kunna wayar, muka zauna muna sauraron muryata da muryar malamin a kanta. Da aka zo wurin bayan jirgin da ke ƙanƙancewa, mahaifin Idi ya yi salati. Idi yana gefe, kansa a tsakanin gwiwoyinsa. Aka kashe.

Sarkin Ruwa ya ce, "Bukar, a wannan zauren ka ce ya tsaya nan take. Kai ka gaya wa ƙanenka wannan?"

Ya Bukar yana kallon inda wandonsa yake a naɗe. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Na ga zufa tana bin wuyansa.

Baba ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Sale. Yaron nan bai taɓa ƙara gishiri a magana ba, kowa a nan ya sani. Yadda ya faɗa haka aka yi."

Ya faɗi haka da ƙarfin zuciya, yana kallon mahaifin Idi. Duk fuskokin suka juyo kaina. Ina jin kukan jaririn Ya Falmata daga bayan katanga.

Sarkin Ruwa ya ce, "Sale, wa ya gaya maka jirgin bai tsaya ba?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini."

"To ina ka samo?"

"Ni na ƙaga. Na ga sun yi shiru, ina so su ji tausayi su ɗauke ni."

Liman ya sauke carbinsa. Idi ya ɗago kai a karon farko ya dube ni, bakinsa a buɗe. Amma fuskar Baba ce ba zan manta ba. Ba fushi ba ne ya fara zuwa. Kallona yake yi kamar an nuna masa gawa an ce ɗansa ne, yana neman alamar da zai ce ba shi ba ne.

Ya ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa, kalma bayan kalma, ban canza ko ɗaya ba.

"Bukar, haka ne? Ba kai ka gaya masa ba?"

Ya Bukar ya ce, "Ni na yafe, Baba. Ina kan yafiyata."

Aka yanke cewa in durƙusa a gaban Idi da mahaifinsa in nemi gafara, in kuma je wurin malamin nan ya sake naɗar muryata ina cewa ƙarya na yi, a tura inda aka tura ta farko. Na durƙusa. Idi ya ce ya yafe, da wata murya da ba ta fita sosai. Aka shafa fatiha. Kafin magariba Ya Falmata ta ɗauki ƙullinta ta koma ɗakinta, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba.

A gida Baba ya kira ni. Yana tsaye, bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Ƙafar ɗan'uwanka ka ɗauka ka yi talla da ita, bai ishe ka ba sai da ka ɗora wa surukinka abin da bai yi ba. Don kifi. Ban tsine maka ba, Sale. Ka tafi wurin kifayenka. Amma kada ka zo ka ce in sa maka albarka a wannan tafiya."

Na yi niyyar fasawa. Inna ce ta hana. Ta ce idan na zauna kullum mutane za su riƙa ganina suna tunawa, tafiyata ta fi wa Falmata sauƙi. Haka na tafi, ba don wel ba a ranar, sai don in kawar da fuskata daga garin. Daga baya na ga teku. Na zauna a ƙaramin jirgi da abin sauraro a kunne na ji kukan uwa tana kiran ɗanta daga zurfin da ba ido da zai kai, na kuma ga ƙaton jirgi ya rage gudu saboda saƙon da na'urar da na sa hannu a cikinta ta aika. Ba kullum suke ragewa ba. Duk lokacin da na kira gida Baba yakan karɓi waya ya amsa gaisuwa, ya ce ga uwarka. Ya rasu ina can, kafin in sami dawowa ta farko. Ya Bukar ya rayu bayansa shekaru, muna waya, yana mini ba'a kamar da, yana tambaya ko kifayena sun gaishe shi. Bai taɓa ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba. Ku 'ya'yansa kada ku riƙe shi. Mutum ne da aka yanke wa ƙafa aka kuma ce ya yi shiru, ya sami rana ɗaya da ya zaci ba mai jinsa.

Saura labarin ranar tafiyata. Ruwa bai janye ba, kuma jirgin da ke fita gaɓa da safiyar nan na Idi ne. Baba bai fito ba. Ya Bukar ya aiko cewa ƙafar tana masa zugi. Inna ta raka ni bakin ruwa ta koma. Na shiga da jakata na zauna a kan buhunan shinkafa, na ba Idi baya. Mu biyu ne kawai. Muka shiga cikin kachala, ciyawa tana shafar jirgin dama da hagu. Da muka yi nisa, inda ba a hango gari ba a kuma hango gaɓa, sai na ji ya kashe inji. Jirgin ya ci gaba da silalewa shi kaɗai.

Ya ce, "Sale."

Ban juya ba.

"Ba ka ƙaga ba. Ni da Bukar kaɗai muke wurin."

Na ce, "An rufe, Ya Idi. Tayar da injin."

"Akwai inda ka yi kuskure a maganar taka. Ka ce na ɗauka kututture ne. Shi Bukar haka yake zato, ko haka yake so ya zata. Ban ɗauka kututture ba ne. Na ji ihunsa. Na gane muryarsa. Hannuna ne ya ƙi juya jirgin, tsoro ya kama ni, na ce idan na waiwaya gawa zan gani. Sai da na sha kwana sannan na iya."

A nan na juya. Yana zaune a gindin injin, hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. Na ji kamar jirgin ne ya kife da ni. Mutumin da na durƙusa a gabansa ke nan. Na tuna Baba a tsaye yana cewa na ɗora masa abin da bai yi ba.

Ya ce, "Ga gari can a bayanmu. Ka ce in juya, in juya. Zan shiga wurin Baba in faɗa da bakina, kana tsaye. Ba zan iya kallonka ka tafi a haka ba."

Na san da gaske yake yi. Hannunsa yana kan igiyar injin, yana jira. Idan muka juya, kafin azahar Baba zai san ɗansa bai yi ƙarya ba sai sau ɗaya, a zaure, zai ɗora hannu a kaina in tafi da albarkarsa. Kafin la'asar kuma Ya Bukar ya zama mai karya rantsuwa, Ya Falmata ta sake ɗaure ƙullinta, wannan karon ba komawa. Wani tsuntsu ya tashi daga cikin kachala. Jirgin ya tsaya cik, hancinsa ya soki ciyawa.

Na ce, "Ya Falmata ta sani?"

"A'a."

Na ɗauko jakata na ɗora a cinya.

Na ce, "Kai ni gaɓa, Ya Idi. Motar Haɗeja ba ta jira."